Ita ta jinginar da kambu, shi ya jinginar da ƙasa, amma ita ake zagi



Yau zan ɗauke ku mu yi nisa, zuwa daular Rumawa a ƙarni na 14. Abin da ya jawo maganar gardama ce da ta kaure a fadarmu daren Asabar. Shayi na biyu yana kan gawayi, hira ta gangaro kan tarihi, sai wani yayanmu, mutum mai karatu wanda nake ganin girmansa, ya gyara zama ya ce: "Ƙanena, je ka bincika. Daular Rum ta yi shekara dubu a tsaye, ba ta durƙushe ba sai da mace ta riƙe ta. Har kambun sarauta ta kai jingina." Fada ta kwashe da dariya. Na ce masa: "Yaya, jinginar gaskiya ce, amma rabin labari ka kawo." Ya ce to in kawo sauran. Ga shi na kawo a rubuce, don wanda bai zo fadar ba shi ma ya yi alƙalanci.

Rumawan nan su ne waɗanda littattafan makaranta ke kira Bizantin. Girkanci suke yi, Kiristoci ne mabiya cocin Otodoks, amma su da bakinsu Rumawa suke ce wa kansu, haka ma Larabawa da Turkawa suke kiransu. Babban birninsu Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau. A 1204 mayaƙan Turawan yamma suka ci birnin suka wawashe shi. A 1261 Mika'el na Takwas, na gidan Paleyolog, ya ƙwato shi, gidansa kuma ya riƙe sarauta har 1453, shekarar da Sultan Muhammad al-Fatih ya ci birnin. Matar da yayanmu yake nufi ita ce Anna ta Savuwa, wadda ta yi riƙon ƙwarya daga 1341 zuwa 1347.

GIDAN DA TA TARAR

Tambaya ta farko: wane irin gida Anna ta tarar? Tun a 1285 sarki Andronik na Biyu ya rushe rundunar jiragen ruwan daular wai don tsimin kuɗi, a ƙasar da rayuwarta duka a bakin teku take. Shi ne kuma ya ɗauko sojojin haya ƴan Katalan daga Sifaniya a 1303 don su yaƙi Turkawa. Aka kasa biyansu, aka kashe shugabansu, suka juyo suka yi ta ɓarna a cikin ƙasar da ta ɗauko su. Daga 1321 zuwa 1328 kaka da jika, Andronik na Biyu da Andronik na Uku, suka shafe shekara 7 suna yaƙin basasa kan kujera ɗaya. Suna nan suna wannan, Turkawan Usmaniyya suka ci Bursa a 1326. Nikiya ta bi a 1331, Nikomidiya a 1337. A duk wannan lissafi ku nuna mini hannun mace. Maza ne a kan gadon sarauta, maza ne a majalisa, maza ne a fagen fama. Gidan da yayanmu yake cewa "yana tsaye" ya daɗe da tsagewa, damina kawai yake jira.

Ita Anna ƴar mai mulkin Savuwa ce, wata ƙaramar ƙasa a tsaunukan da ke tsakanin Faransa da Italiya. An kawo ta Kustantiniyya a 1326 ta auri Andronik na Uku. Aka canza mata suna, aka canza mata coci daga Katolika zuwa Otodoks, ta zauna cikin mutanen da ba su manta abin da Turawan yamma suka yi musu a 1204 ba. A 1332 ta haifi magaji, Yohana na Biyar. A watan Yuni 1341 mijinta ya mutu, yaro bai cika shekara 9 ba, kuma babu wata wasiyya bayyananniya da kowa ya yarda da ita kan wanda zai riƙe masa sarauta.

Sai ga Yohana Kantakuzen, babban kwamandan sojojin daular, aminin marigayi, yana cewa riƙon nasa ne. Wannan mutum ba ƙaramin attajiri ba ne. Shi da hannunsa ya lissafa dabbobin da ya yi asara a yaƙin: tumaki 70,000, aladu 50,000, shanu 5,000, goɗiyoyi 2,500, raƙuma 200, ban da shanun noma da jakuna da alfadarai. Sojoji a hannunsa, dukiya a hannunsa, manyan masu gonaki duk nasa ne.

Yanzu ku saka kanku a matsayin uwar yaron. Ta san yadda gidan mijinta ya samu sarauta. Mika'el na Takwas, wanda ya kafa gidan, shi ma da riƙon ƙwarya ya fara, yana riƙe wa wani yaro mai suna Yohana Laskaris. Ya fara da "ni mai riƙo ne kawai", ya koma "mu biyu ne sarakuna", sannan a ranar Kirsimeti ta 1261 ya sa aka makantar da yaron, yana ɗan shekara 11, aka kulle shi a wani sansani. Shekara 80 ke nan kacal kafin zamanin Anna. In ke ce uwar, in kai ne uban, za ka miƙa ɗanka ga mai sojoji saboda ya rantse maka? Tsoron Anna yana da tushe, kuma tushen yana cikin tarihin gidan da ta aura.

Saboda haka ta jingina da mutum biyu: Yohana Kalekas, babban limamin cocin Kustantiniyya, da Aleksi Apokok, wanda ya riƙe jiragen ruwa da birnin. A watan Oktoba 1341, Kantakuzen yana wajen birni da rundunarsa, aka ayyana shi maƙiyin daula. Ranar 26 ga watan, a garin Didimotiko, ya naɗa kansa sarki. Yaƙi ya ɓarke. Wani abin da masu "mace ta tada fitina" ba su faɗa shi ne, talakawan birane ɓangaren Anna da yaronta suka bi. A Adiriyanofil, Edirne ta yau, talakawa suka tashi suka kori masu dukiyar da ke goyon bayan Kantakuzen. A Tasalonika, birni na biyu a daular, wata ƙungiya da ake kira Zelot ta karɓe gari a 1342 ta riƙe shi har 1350. Wutar da ke tsakanin masu gonaki da masu noma musu ta daɗe tana ci a ƙarƙashin toka.

MU AUNA DA MUDU ƊAYA

Ban zo in wanke Anna ba. Ga nata, ba ragi. Ta yarda aka wawashe gidan Kantakuzen, aka tsare mahaifiyarsa, tsohuwa, har ta mutu a tsare a 1342. An yi ta aiko mata da tayin sulhu ɓangarenta yana ƙi. A 1343 ta jinginar da duwatsun kambun sarauta wa birnin Benis na Italiya a kan dukat 30,000, wato kuɗin zinariyar Benis, kuma ba a taɓa fanso su ba. A shekarar dai ta rubuta wa Fafaroma tana neman taimako da alkawarin biyayya. A 1344 gwamnatinta ta ba sarkin Bulgeriya birnin Filifofolis da wasu garuruwa don ya taya ta yaƙi. A 1345 fursunonin siyasa suka kashe Apokok a cikin kurkuku, aka rama da yi musu kisan gilla, ba ta hana ba. A 1346 ita ma ta ɗauko Turkawa sojojin haya daga masarautar Saruhan, suka wawashe ƙauyuka, ƙarshe suka koma ɓangaren abokin gabarta. Wannan duka nata ne, ta ɗauka.

To ga nasa. A 1342 ya tafi wajen Dushan, sarkin Sabiya, neman taimako. Dushan ya shigo da sunan taimako, ya yi ta cin garuruwan Masedoniya wa kansa, har a 1346 ya naɗa kansa sarkin Sabiyawa da Rumawa. Da wannan ƙawance ya lalace, Kantakuzen ya kira Umur, sarkin Aidin, ya ƙetaro da mayaƙansa. Bayan Umur sai Orhan, sarkin Usmaniyya, mutumin da ya ci Nikiya da Nikomidiya. A 1346 ya ɗauki ƴarsa ta cikinsa, Tiyodora, ya aurar wa Orhan, dattijon da ya haura shekara 60, don a ba shi sojoji. Da wannan ƙarfi ya shiga Kustantiniyya a watan Fabrairu 1347.

Aka yi yarjejeniya: shi ne babban sarki na shekara 10, yaron ya auri ƴarsa Helena, bayan nan su yi mulki daidai. Bai cika ba. A 1352 faɗa ya sake tashi tsakaninsa da surukin nasa, ya sake kiran sojojin Orhan, suka samu wani sansani mai suna Zimpe a gaɓar Turai suka zauna. A 1353 ya ayyana ɗansa Matiyu a matsayin sarki, ya cire sunan Yohana na Biyar. Ashe abin da Anna ta ji tsoro tun 1341 ba mafarki ba ne. Kuɗin da sarkin Mosko ya aiko don gyaran cocin Aya Sofiya, wadda wani sashenta ya rufta a 1346, su ma a biyan sojojin haya suka tafi. A watan Maris 1354 girgizar ƙasa ta rusa ganuwar Galifoli, mashigar da ke tsakanin Asiya da Turai. Sulaiman ɗan Orhan, wanda yake zaune kusa saboda gayyatar Kantakuzen, ya shiga ya gyara ganuwa ya zauna. Kantakuzen ya roƙa, ya yi tayin kuɗi, ba a ba shi ba. Daga wannan ƙofa Usmaniyya suka bazu cikin Turai.

Kada wani ya ce ina kukan faɗuwar Rum. Turkawa sun yi abin da kowace daula mai tasowa take yi, sun ga ƙofa a buɗe sun shiga. Maganata a kan awo take. Mutum ɗaya ya jinginar da duwatsu, ɗayan ya jinginar da ƴarsa da mashigar teku. Wanne ya fi tsada? Me ya sa a fada duwatsun kaɗai muka sani? An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu kuma mun taka na namiji mun hango na mace.

Ga ƙarin abin mamaki. A 1366, bayan mutuwar Anna, ɗan ɗan'uwanta, Amade na Shida na Savuwa, ya zo da jiragensa ya ƙwato Galifoli ya mayar wa Rumawa. Dangin "baƙuwar" ke nan. Shekara 10 bayan haka, Andronik na Huɗu, ɗan sarki, Barume ɗan Barume, ya sake miƙa garin ga Usmaniyya a matsayin ladan taya shi tumɓuke mahaifinsa. Wannan ma mace ce, yaya?

WA YA RIƘE ALƘALAMI?

A ƙarshen 1354 aka tilasta wa Kantakuzen sauka. Ya shiga gidan ƴan zuhudu, ya rayu har 1383. Kusan shekara 30 yana da lokaci, yana da takarda, yana da tawada. Ya zauna ya rubuta tarihin zamaninsa a littafi huɗu, yana ambaton kansa kamar wani mutum daban, kamar alƙali yana ba da labarin shari'ar da bai da hannu a ciki. A littafin nan shi mutum ne mai haƙuri wanda bai taɓa son sarauta ba, tilasta masa aka yi. Anna kuwa bai cika zaginta kai tsaye ba. Dabararsa ta fi zagi: ya nuna ta a matsayin mace mai rauni da miyagun maza suka ruɗa.

Marubuci na biyu na zamanin shi ne Nikifor Giregoras, masani babba. Shi a wajensa Anna baƙuwa ce mai kishi da taurin kai. Ga kuma wata rigimar aƙida da ta raba cocinsu a lokacin, wadda a ƙarshe Anna ta koma ɓangaren da Giregoras ya tsana.

Kun ga tarkon? A littafi ɗaya ba ta da wayon da za ta yi mulki, a ɗayan wayonta mugunta ne. In ta saurari mashawarta, an ruɗe ta. In ta ƙi saurara, taurin kai. Ita kuma ba ta bar mana littafin tarihi ko ɗaya da ke ba da nata ɓangaren ba. Shekara 600 da ɗoriya ana yanke mata hukunci da shaidar abokin gabarta da ta mai ƙinta. A kotun wane gari ake karɓar irin wannan? Ko labarin da aka fi yaɗawa, cewa a bikin naɗin 1347 gilashi aka saka a kambu a madadin duwatsu, aka ci abinci a kwanonin ƙasa da na dalma, ana kawo shi ne a ce "dubi abin da ta jawo". Ba a cewa dubi abin da shekara 6 na yaƙi tsakanin ɓangare biyu ya jawo.

ƳAƳA MATA A MATSAYIN KUƊIN SULHU

Yanzu mu ɗaga kai daga Anna mu dubi tsarin duka. A zamanin gidan Paleyolog, daga 1261 zuwa 1453, babu macen da ta hau gadon Kustantiniyya ita kaɗai da sunanta, ko da yake a da an yi: Irin ta yi daga 797 zuwa 802, Tiyodora ta yi a 1055 zuwa 1056. Amma wannan ba ya nufin daular ba ta amfani da mata a siyasa. Tana amfani da su ƙwarai, a matsayin kuɗi. Da baitulmali ya bushe, sojoji suka ragu, ƴaƴa mata aka riƙa biya da su.

A 1265 Mika'el na Takwas ya aika ƴarsa Mariya ta auri Hulagu, sarkin Mongol da ya rusa Bagadaza. Kafin ta isa ya mutu, sai aka ba ɗansa Abaka. Kaya dai ba a mayarwa. Ta zauna can har mijin ya mutu a 1282, ta dawo gida, kuma cocin da ke ɗauke da laƙabinta, Maryamar Mongol, yana nan a Istanbul har yau.

A 1299 Andronik na Biyu ya so ya tsayar da hare-haren Milutin, sarkin Sabiya. Ya ba shi ƴarsa Simonis. Shekarunta 5. Angon ya haura 40, ya riga ya yi aure-aure. Babban limamin cocin ya nuna ƙin yarda, aka lallashe shi, aka ɗaura. Da ta girma, ta zo Kustantiniyya bayan rasuwar mahaifiyarta a 1317, ta ƙi komawa. A hanya ta saka baƙaƙen kayan ƴan zuhudu don ta tsira. Ɗan'uwanta ya yage kayan daga jikinta ya miƙa ta ga mutanen mijinta. Sai da Milutin ya mutu a 1321 ta samu ta dawo. Yaya, wannan jinginar fa? Ita ba ta kai ta duwatsu zafi ba?

Ga abin da ke ci mini rai. Yarinya ƴar shekara 5 ta isa ta ɗauki nauyin sulhu tsakanin ƙasa biyu a wuyanta. Amma mace ƴar shekara 35, wadda ta zauna shekara 15 a fadar, ta haifi magaji, wai ita ba ta isa ta riƙe wa ɗanta kujera ba. In ana neman wadda za a sadaukar, mace ta isa tun tana goye. In ana neman wadda za a saurara, ba ta isa ba ko ta yi furfura.

Mahaifiyar Simonis ma tana da nata labarin. Sunanta Yolanda ta Monfera, daga arewacin Italiya, aka mayar da ita Irin da aka kawo ta a 1284 tana ƴar shekara 10 ko 11. Da ta ga ɗan kishiyarta ne magaji, ta nemi a yanka wa ƴaƴanta yankuna su riƙe. Mijinta ya ƙi, ta tattara ta koma Tasalonika a 1303 ta kafa fadarta. Giregoras ya yi mata ca, wai ta kawo baƙuwar al'ada ta Turawan yamma, daular Rum ba gonar gado ba ce da za a raba. Madalla. Amma Kantakuzen yana hawa mulki ya yanka wa ɗansa Matiyu yanki a Tiras, ya ba ɗansa Manuwel yankin Moriya a kudancin Girka a 1349. Sarakunan da suka biyo baya suka ci gaba da haka har daular ta ƙare. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Abin da aka kira kwaɗayin mace da ta nema, da maza suka aikata sai aka ce dabarar mulki.

WAƊANDA SUKA RIƘE, BA A FAƊA

In mace ce ke rusa daula, me za mu yi da waɗannan? Irin Asanina, matar Kantakuzen ɗin kansa, ita ta riƙe Didimotiko a 1342 zuwa 1343, an kewaye garin, mijinta yana Sabiya yana neman taimako. A 1348, da ƴan Jenowa da ke zaune a Galata suka far wa Kustantiniyya, yana kwance ba lafiya a wani gari, ita ta shirya tsaron birnin. Ba don ita ba, da ba mu san ko zai kai ga rubuta littafin nan nasa ba.

Anna ɗin ma labarinta bai ƙare a 1347 ba. A 1351, da Kantakuzen ya ga Yohana na Biyar yana shirin haɗa kai da Dushan a Tasalonika, wa ya roƙa ta je ta kashe wutar? Anna. Ta je, ta gana da matar Dushan, Sabiyawa suka janye. Ta zauna ta mulki Tasalonika har mutuwarta wajen 1365, birnin da ya fito daga shekaru na tarzoma, Sabiyawa kuma sun kewaye shi ta tudu. Bai faɗi a hannunta ba. An buga kuɗi da hotonta. A ganuwar birnin akwai ƙofar da aka yi da umarninta, rubutun da ke ɗauke da sunanta yana nan, mai zuwa Tasalonika yau zai gani. Matar da aka ce ba ta iya mulki ba, abokin gabarta ne da kansa ya aike ta aikin da ya gagare shi.

Sai Helena Daragash, ƴar wani basaraken Sabiya, matar Manuwel na Biyu. A ƙarshen Oktoba 1448 ɗanta Yohana na Takwas ya mutu bai bar ɗa ba. Ƙanensa Dimitiri ya yi sauri ya iso birnin yana son kujera. Ga dukkan alamu wani yaƙin ƴan uwa ne zai tashi. Tsohuwar nan, tana cikin kayan zuhudu, ta tsaya ta ce ita ke da riƙo har magaji ya iso, kuma magajin Kustantin ne. Aka naɗa shi a Mistira a watan Janairu 1449, ba a zubar da jini ba. Shi ne sarkin Rum na ƙarshe, wanda ya mutu yana kare birnin a 1453, kuma da sunan gidan uwarsa ake kiransa, Daragas. Na taɓa jin an ce a fada "mace ta hana yaƙin basasa a Rum"? Ban taɓa ba. In ta yi daidai a ce uwa ce ta gari, a wuce. In ta yi kuskure a ce halin mata ne, a riƙe shekara 600.

KU MA MASU NEMAN JARUMA, KU TSAYA

Na san wasu ƴan uwana, mata da maza, sun fara murna, suna shirin ɗaukar Anna su mayar da ita tuta. Ku dakata, da ku ma nake. Ikon matan nan ta ƙofa biyu yake shigowa: wa ta aura, wa ta haifa. Ranar da miji ya mutu ba ɗa, ko ɗa ya girma, ko aka yi juyin mulki, hanyar da ta rage galibi ita ce gidan zuhudu. Inda mace ta hau gado da sunanta, kamar a ƙaramar daular Girkawa ta Tirabzon a bakin Baƙin Teku, manyan gari ne ke ɗora ta su sauke ta: Irin ta yi shekara ɗaya daga 1340, Anna Anakutulu ta gaje ta a 1341, a 1342 aka tumɓuke ta aka shaƙe ta.

Kuma ikon sarauniya bai sauko ya tsare matar manomi a Tiras ba. Sojojin hayar da Anna ta kira da waɗanda Kantakuzen ya kira gonaki ɗaya suka ƙone, mata da yara ɗaya suka kora zuwa kasuwar bayi. Matar da aka kama a ƙauyenta ba ta tambaya ko mai kambu namiji ne ko mace. A 1347, yaƙi yana ƙarewa, annobar nan da ta share Turai ta sauka a Kustantiniyya ta tarar da mutane a yunwace. Waɗannan matan ba su da ƙofa a ganuwa mai ɗauke da sunansu. Wanda ya ce mace ta hau, don haka mata sun hau, shi ma rabin labari ya kawo, irin na yayanmu, ya dai juya shi ne kawai.

Abin da nake nema ƙarami ne, kuma shi ne mai wuya. A auna Anna da mudun da aka auna Kantakuzen. In jinginar da dukiyar ƙasa laifi ne, laifi ne a hannun kowa. In kiran sojojin waje su shigo rigimar gida ɓarna ce, a ƙirga wa ya kira, sau nawa, me ya biyo baya. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Rum ta lalace ne saboda manyanta sun fi son kujera a kan ƙasar da kujerar take kai, suka yi ta yaƙar juna da kuɗin bashi da takobin haya, tun kafin a haifi Anna har bayan an binne ta. Ta shiga wannan wasa, ta yi nata ɓarnar, ta kuma yi nata gyaran. Wanda ya zare sunanta shi kaɗai daga cikin jerin ya ce ga sanadi, ba tarihi yake karantawa ba, abin da ya riga ya yanke a ransa yake nema wa shaida.

Don haka duk ranar da aka kawo muku labarin da ya ƙare da "ai mace ce ta jawo", ku yi tambaya uku kafin ku yi dariya. Wane hali gidan yake ciki kafin ta karɓa? Mazan da ke gefenta da waɗanda ke gabanta me suka yi a shekarun nan? Kuma wa ya rubuta labarin, ina ya tsaya ranar da ake faɗan?

Yaya, da girmamawa, ga sauran rabin. Shekarun duka na jera su don ka bincika, kamar yadda ka ce in yi. Asabar mai zuwa sukari da ganyen shayi a wuyana, amsa a wuyanka. Allah ya ba mu ikon yin adalci, ko ga wanda ya daɗe a kabari ba ya iya kare kansa.